Ƙwaron da ke tsotse gyaɗa a sito: baƙo ne daga yashi, ko tare da kaya ya zo?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Aboabo, nan Kumasi, ina sarin gyaɗa daga arewa ina sayar wa masu man gyaɗa da ƙuliƙuli. Bana na sauke kaya, rabi mai ɓawo rabi ɓararriya. Bayan 'yan makonni sai na fara ganin wasu ƙwari sirara masu launin ƙasa, da an ɗaga buhu sai su watse da gudu, har da wasu ƙanana jajaye. Ba su huda buhu ba, ban kuma ga gari ba, amma gyaɗar ta yamushe, wata tana maƙaƙi, masu saye kuma suna cewa ba ta ba da mai. Ɗana ya duba a intanet ya ce wani baƙon ƙwaro ne da aka shigo da shi daga ƙasar waje, mai zama cikin yashi yana shan 'ya'yan tsirrai. Ga shi kuwa maƙwabcina ya jibge yashin gini a jikin sitona. Shin daga yashin suka fito? Wane magani zan fesa?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri, ya sa wa kasuwa albarka. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: wane ƙwaro ne wannan, ta ina ya shigo miki, da kuma abin da za ki yi da kayan da ke hannunki. Kin kuma taimake ni ƙwarai da kika faɗi abin da ba ki gani ba, domin rashin huda da rashin gari sun fi launin ƙwaron nuna mini hanya. Bisa ga kwatancenki, abin da na fi zato shi ne ƙwaron da manoman gyaɗa a arewacin Najeriya suke kira sha-mai, wanda ya daɗe a gonakin gyaɗa da riɗi na Afirka ta Yamma, kuma mafi yawan lokaci a cikin buhu yake zuwa daga inda aka shanya gyaɗar. Yashin maƙwabcinki, in ma yana da hannu, hannunsa ƙarami ne.

Wane ƙwaro ne

Ƙwarin da ke ɓata abinci a sito kashi biyu ne idan aka dubi bakinsu. Akwai masu tauna, waɗanda suke barin rami da gari da kashi a bayansu, akwai kuma masu tsotsa, waɗanda bakinsu dogon tsinke ne kamar allura, a naɗe ƙarƙashin ƙirji sai lokacin ci. Sha-mai yana cikin na biyun, zuriyarsu ɗaya da kuɗin cizo, sai dai shi ba ya cizon mutum. A littattafan ilimin ƙwari sunansa Elasmolomus pallens, amma tsofaffin rubuce-rubuce suna kiransa Elasmolomus sordidus ko Aphanus sordidus, saboda haka idan ɗanki zai sake bincike, ya gwada sunayen duka uku. Danginsa, da ake kira Rhyparochromidae, suna da nau'i fiye da 1,800 a duniya, kusan dukkansu masu launin ƙasa ne, masu yawo a ƙasa suna neman 'ya'yan tsirrai da suka zube.

Babbansa yakan kai tsawon milimita 10 ko ƙasa da haka kaɗan, faɗinsa kamar milimita 2, yana da dogayen ƙafafu da saurin gudu, kuma yana iya tashi. Macen tana zuba ƙwai a cikin ƙasa ko a jikin harawar gyaɗa idan a gona ne, a sito kuwa sai ta zuba su tsakanin gyaɗar ko a jikin buhu. Ɗan da ya fara ƙyanƙyashewa cikinsa ja ne wur, sannan ya riƙa duhu yana saɓa har ya zama babba mai fiffike, kuma daga ƙwai zuwa babba bai wuce kimanin wata guda ko fiye kaɗan ba a lokacin zafi. Waɗannan jajayen da kika gani ke nan. Ganinsu yana da ma'ana, domin ɗan da ba shi da fiffike ba ya yin doguwar tafiya: ko dai ƙwan ya zo cikin kayan, ko kuma iyayen sun riga sun zauna a sitonki suna haihuwa.

Yadda yake cin gyaɗar shi ne abin da ke ruɗa mutane. Yana soka bakinsa ta cikin ɓawon, ko da gyaɗar ba a ɓare ta ba, har ya kai ga tsabar. A cikin bakin akwai hanyoyi biyu, ɗaya tana zuba yawu mai narkar da abin da ke cikin tsabar, ɗaya tana zuƙe abin da ya narke. Hudar ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma, shi ya sa buhu zai zauna cif kamar lafiya lau alhali nauyinsa yana raguwa. Gyaɗa kuwa kusan rabin nauyinta mai ne. Idan aka tsotse ta sai ta yamushe, fatar ta tattare, man da ya rage kuma ya fara lalacewa, sinadarin tsami na mai ya ƙaru a cikinsa, wanda shi ne yake kawo ɗaci da maƙaƙin nan a maƙogwaro. Don haka masu sayenki ba sharri suke miki ba da suka ce ba ta ba da mai. Kuma babba da yaro duk suna sha, babu wani mataki na rayuwarsa da yake hutawa, in ban da ƙwai.

Yana da kyau ki raba shi da sauran abokan gaba na gyaɗa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwaron da ke barin zagayayyen rami a ɓawo, wanda tsutsarsa take girma a cikin tsaba, shi ne Caryedon serratus, kuma gidansa na asali 'ya'yan tsamiya ne da na kalgo. Ƙaramin jan ƙwaron gari yana bin ɓararriyar gyaɗa da ta fashe, yana barin ƙura mai wari. Akwai kuma wata tsutsar malam-buɗe-littafi da ke saƙa yana tana haɗe tsaba wuri guda. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi daidai da abin da kika kwatanta.

Baƙon da ɗanki ya gani

Ɗanki bai yi shirme ba, akwai ƙwaro mai irin wannan labari. Wanda ya fi dacewa da maganarsa shi ne Nysius huttoni, ɗan ƙasar New Zealand. A can yana zaune a busassun wurare masu yashi ko tsakuwa, inda ciyawa ba ta rufe ƙasa ba, rana tana dukan wurin kai tsaye, yana shan 'ya'yan ciyayi. Idan ciyayin suka bushe sai ya koma gonakin alkama da na dangin kabeji. Ɓarnarsa a alkama abin mamaki ce, domin yawun da yake bari a cikin tsaba yana lalata danƙon fulawa, idan aka kwaɓa sai ƙullun ya saki ya yi yauƙi, burodi ya ƙi tashi. An fara ganinsa a Turai a ƙasar Holan a 2002, sai Beljiyam a 2003, ya kai Ingila a 2007, kuma wuraren farko da aka same shi ba su da nisa da babbar tashar jiragen ruwa ta Antwerp, abin da ya sa ake danganta zuwansa da kayan fatauci.

Amma wannan ƙwaro bai kai milimita 5 ba, wato bai kai rabin sha-mai ba, ɗan ƙasa mai sanyi ne, kuma ba a san shi da bin buhunan gyaɗa a sito ba. Abin da ya jawo kuskuren shi ne waɗannan ƙwari suna kama da juna ƙwarai a hoto, musamman da yake hoton waya ba ya nuna girma. Ko masana kansu sai sun sa su ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan abubuwa kafin su raba wasu nau'o'in. Shi kuwa sha-mai, tun shekarun 1970 akwai rubuce-rubucen masu bincike a kan ɓarnarsa ga gyaɗa a Senegal da Gambiya, an san shi a Najeriya da Indiya, a Sudan kuma babban abokin gaban manoman riɗi ne. Abin da ya yi wannan daɗewa a yankinmu ba za a kira shi sabon shigowa ba.

Ban faɗi haka don in raina tsoron baƙin ƙwari ba, domin Ghana ta ɗanɗana. Babban ƙwaron da ke huda masara da busasshen rogo, Prostephanus truncatus, daga Amurka ta Tsakiya ya fito, aka gan shi a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, a Togo a 1984, ya shigo Ghana ta yankin Volta a 1989. Tsutsar nan mai cin masara da ta addabi manoma ita ma daga nahiyar Amurka ta zo, aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016. Mu ma muna aikawa: ƙaramin baƙin ƙwaron nan da ake gani cikin buɗaɗɗiyar auduga da busasshiyar kuɓewa, Oxycarenus hyalinipennis, ɗan Afirka ne, amma ya tsallaka har an same shi a jihar Florida ta Amurka a 2010. Ita kanta gyaɗar baƙuwa ce, daga Amurka ta Kudu Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Duk inda buhu yake tafiya, ƙwaro yana iya binsa, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi damuna a maganarki, ko da tafiyar daga Tamale zuwa Kumasi ce kawai.

Maganar yashi

Yashin gini ba shi da abin da ƙwaro mai shan tsaba zai ci. Abin da ya haɗa irin waɗannan ƙwari da ƙasa mai rairayi shi ne, a wuri busasshe wanda ciyawa ba ta yi kauri ba, 'ya'yan tsirrai suna zubewa su zauna a fili ba su ruɓe ba, ƙasar tana da ɗumi, kuma tana da laushin da za a zuba ƙwai. Ita ma gyaɗa jigawa take so, saboda bayan fure sai ta tura ɗan tsinke cikin ƙasa inda kwanson zai yi girma, ƙasa mai tauri tana hana shi shiga, tana kuma riƙe kwanson lokacin cira. Saboda haka gyaɗa da sha-mai suka haɗu a ƙasa iri ɗaya, amma gyaɗar yake bi, ba rairayin ba.

Inda tulin yashin zai iya cutar da ke shi ne idan ya daɗe har ciyawa ta tsiro a gefensa, ko ana zubar da sharar sito a bayansa, ko ya toshe iska ya riƙe danshi a jikin bango. A nan zai zama maɓoya ga waɗanda suka fito daga sitonki, su koma da dare. Ki roƙi maƙwabcin ya ja shi baya kaɗan, ki sa a nome gefen a share. Amma kada ki ɓata zumunci a kan wannan, domin za a bar jaki ne ana dukan taiki.

Inda ɓarnar take farawa

A arewacin Ghana, inda mafi yawan gyaɗar ƙasar nan take fitowa, damina ɗaya ce, kuma cirar gyaɗa takan faɗo wajen Satumba da Oktoba, daidai lokacin da sauran amfanin gona ke jiran hannu. Manomi ya tuge gyaɗa, ba shi da masu tsinka, sai ya tara ta tsibi-tsibi da harawarta a gona, ya ce sai ya dawo. Wannan tsibin shi ne gidan sha-mai. Ƙarƙashinsa akwai inuwa da ɗan sanyi da duhu, sama kuma ga abinci. A aikina na duba amfanin gona bayan girbi, abin da nake fara yi idan na shiga gona shi ne in sa sanda in ɗaga gefen tsibin da ya kwana biyu. Idan suna nan, ƙasar wurin sai ta zama kamar tana motsi, manya da ƙanana su bazu ta kowace fuska, cikin ɗan lokaci kaɗan ka neme su ka rasa, sun shige tsagar ƙasa da ƙarƙashin ganye. Manomin da ya zo da rana tsaka ya dubi saman tsibin ba zai ga komai ba, domin da dare suke hawowa su ci. Da yawa daga cikin manoma sukan ɗora laifin yamushewar a kan ƙarancin ruwa ko rashin kyan iri.

Kowane kwana da tsibin ya ƙara a gona, ɓarna tana ƙaruwa, ƙwai kuma yana taruwa. Ranar da aka zo tsinka, ana kwashe kwanson da ganye da ƙasa da ƙwai da 'ya'yan a ɗura a buhu, sau da yawa tsohon buhun da ya riga ya ɗauki kayan bara. Daga nan sai mota, ta Buipe da Kintampo da Techiman, har ƙofar sitonki. Wannan ne ya sa nake zaton cewa wani kaso na yamushewar da kike gani ya riga ya faru kafin ki biya kuɗi, sauran kuma ya ci gaba a hannunki. Kina iya gwada wannan da kanki. Idan ƙwarin sun fi yawa a buhunan mai ɓawo, musamman waɗanda ke da ganye da ƙasa a gindinsu, ko a kayan dillali ɗaya ban da na saura, to tare da kaya suka zo. Idan kuwa sun fi yawa a buhunan da ke jingine da bango ko kusa da tsohon kaya, ko da daga wurare daban-daban aka saro su, to sitonki ne ya riƙe su tun bara.

Akwai wani abu da ya fi asarar mai nauyi, kuma Kumasi ta fi arewa haɗarinsa. Gyaɗar da ta bushe a iskar arewa tana zuwa garin da ke da damina biyu da laima mai yawa, sai ta riƙa jan danshi daga iska. Tsabar da aka huda ko ta yamushe ta fi saurin kama funfuna, kuma wata funfunar, Aspergillus flavus, tana fitar da gubar da ake kira aflatoksin. An gano wannan guba ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Tana lalata hanta, tana cikin abubuwan da ke kawo kansar hanta, haɗarin kuma ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Kuma idan aka matse mai, mafi yawanta a cikin tunkuza take zama, wato a ƙuliƙuli da yajin tsire da yaranmu suke ci.

Kayan da ke hannunki

Tsabar da aka riga aka tsotse ba ta dawowa, babu maganin da zai mayar mata da mai. Abin da za ki iya shi ne ki tsayar da ɓarnar, ki raba mai kyau da marar kyau. Ki zaɓi ranar da rana ta buɗe, a fitar da kayan duka, a baza a kan tamfol ko siminti mai tsabta, shimfiɗa marar kauri, nesa da ƙofar sito, ana juyawa. Ƙwaron ba ya jure rana da fili, zai gudu, don haka a sa yara su tsaya da tsintsiya a gefe suna tarawa suna zubawa a bokitin ruwan sabulu. In akwai kaji a kusa, za su taya ku. Bayan haka a sheƙe, a tankaɗe da rariya mai faɗin ido domin ƙasa da ganye da ƙwai su zube, a ƙone abin da ya zube, kada a watsa shi bayan sito. Gyaɗa ta bushe idan kwanson yana ƙara da an girgiza shi, tsabar kuma tana karyewa ƙaras a haƙori, fatar tana saɓulewa da murza. A ma'auni, ana son danshin tsaba ya sauka wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari.

Ɓararriyar kuma sai an zauna an tsince ta da hannu. Na san aiki ne mai cin lokaci da kuɗin masu tsinta, amma shi ne matakin da ya fi rage guba. A fitar da yamusassu, da masu baƙin tabo, da masu kore ko ruwan ɗorawa a jiki, da waɗanda suka fashe suka canza launi. A nan zan faɗi abin da ba kowa yake son ji ba. Al'adar kasuwa ita ce a sayar da tsintar da araha ga masu ƙuliƙuli ko masu niƙa ta miya, wato a tattara mafi munin kayan a ba wa mai ƙaramin ƙarfi. Wadda ta yamushe kawai, fara tas a ciki ba wari, ana iya sayar da ita a matsayin ƙaramin kaya tare da faɗa wa mai saye gaskiya. Mai funfuna kuwa ba ta mutum ba ce, ba ta kaji ba ce, ba ta awaki masu shayarwa ba ce, domin gubar tana bi ta cikin nono. A binne ta ko a ƙone.

Kafin kaya su koma, a share sito tun daga rufi har ƙasa, a toshe tsagogin bango da siminti, a fitar da tsofaffin buhuna. A jera kayan a kan katako, a bar tazarar da mutum zai iya ratsawa tsakanin buhu da bango, kada kuma a haɗa sabon kaya da tsoho. Don ki san ko sun ƙare, ki shimfiɗa tsohon buhun algarara a ƙasa kusa da kayan da yamma, ki ɗaga shi da sassafe, ko ki shiga da tocila bayan isha'i ki haska jikin buhunan. Ki maimaita haka har tsawon wata guda, saboda ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe daga baya.

Idan za ki ajiye kaya ya daɗe, buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tun farko domin wake, yana aiki a gyaɗa, an kuma gwada shi a Nijar da Indiya. Idan aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin suna shanye iskar da ke ciki su mutu ba tare da magani ba, kuma laimar Kumasi ba ta shiga. Sharaɗinsa biyu: gyaɗar ta bushe sosai kafin a ɗura, kuma kada tsinin kwanso ko ɓera ya huda ledar.

Maganin feshi

Kada ki fesa komai a jikin gyaɗar. Yawancin magungunan ƙwari suna narkewa cikin mai, gyaɗa kuwa mai ce, tana shanye su ta riƙe. Maganin gonar koko, da na auduga, da ruwan nan da ake sayarwa a ƙananan kwalabe don sauro da kyankyaso, babu wanda aka yi don abinci. Inda feshi yake da amfani shi ne a sito wanda babu kaya a ciki, a bango da ƙasa, da maganin da hukumar kare muhalli ta Ghana ta yi wa rajista don wannan aiki, a bar wurin ya bushe ya sha iska kafin a mayar da kaya. Malamin gona na gundumarku zai nuna miki wanda ya halatta.

Sai ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, mai fitar da iskar fosfin. Tana kashe ƙwari, amma sai an rufe kayan ruf da tamfol na musamman na kwana biyar zuwa bakwai, kuma aikin masu lasisi ne. Iskar tana ratsa bango da rufi. A 2018 yara uku 'yan gida ɗaya sun rasu a Accra bayan an sa irin wannan magani a ɗaki. A unguwa kamar Aboabo ko Asawase, inda sito da ɗakin kwana sukan raba bango ɗaya, ba na ba kowa shawarar amfani da ita. Ganyen darbejiya da wasu suke sawa tsakanin buhuna ba ya cutarwa, yana iya ɗan korar wasu, amma kada ki dogara da shi idan ƙwarin sun riga sun yi yawa.

Sari na gaba

A ganina, ƙarfinki na gaske yana wurin saye. Ki tambayi dillalinki kwana nawa gyaɗar ta yi a tsibi kafin a tsinke, a kan me aka shanya ta. Manomin da ya kifa gyaɗarsa kwanso yana kallon rana, ya tsinke cikin 'yan kwanaki, ya shanya a tamfol ko a kan rumfa, ya kwashe harawa ya kai nesa, kayansa sun cancanci ƙarin kuɗi, kuma idan masu sari irinki suka fara bambanta farashi, labari zai kai gona da sauri fiye da yadda wa'azin malaman gona yake kaiwa. Ki aika da sababbin buhunanki. Kafin a ɗora wa mota, a zazzage buhu ɗaya ko biyu a kan farin ƙyalle har gindi, domin a gindi ƙwari da ƙasa suke taruwa, samfurin bakin buhu kullum mai kyau ne. Ki ɓare cikin hannu guda, ki raba tsabar biyu, ki duba, ki tauna. Wadda aka tsotsa takan yi laushi, ba ta da nauyi, wani lokaci da ɗan tabo a inda bakin ya shiga. Idan wani zai sayi kayan nan don iri, ki gaya masa ya fara shuka tsaba 20 a jiƙaƙƙen yashi ya ƙirga masu tsirowa, domin tsotsar tana rage ƙarfin tsiro.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan kwatance, ban riƙe ƙwaron a hannuna ba, kuma na riga na gaya miki yadda danginsa suke kama da juna. Sa'arki ita ce Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta hukumar binciken kimiyya ta Ghana (CSIR) tana Fumesua, nan bakin Kumasi, ga kuma sashen aikin gona na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST). A arewa akwai cibiyar binciken aikin gona ta SARI a Nyankpala kusa da Tamale, wadda take aiki a kan gyaɗa, dillalinki zai iya kai musu. Ki sa ɗanki ya kama manya kamar goma da ƙananan jajayen, ya zuba su a ƙaramar kwalba mai murfi da ɗan sipirit na kemis don kada su ruɓe, ya haɗa da cikin hannu na gyaɗar da ta lalace a wata leda dabam. Ya rubuta ranar da aka kama su, da garin da aka saro kayan, da ranar da suka iso. Idan hoto zai aika, ya ajiye ƙwaron kusa da tsinken ashana domin a ga girmansa. In har suka duba suka ga ba sha-mai ba ne, wani abu ne da ba a saba gani ba, su ne za su sanar da sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona, wanda dokar tsirrai da taki ta 2010 ta ɗora wa alhakin sa ido a kan baƙin ƙwari, kuma a lokacin za a buƙaci ki dakatar da sayar da buhunan har sai jami'ansu sun zo sun gani.